Abin Da Ya Tsai Da Kwamfuta Ran Albashi

Duk wanda ya zauna Kano ya san unguwannin nan uku na masana'antu, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai ita ce babbarsu a shekaru, gama tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a can, ba nisa da hanyar jirgin ƙasa wanda ya iso Kano cikin 1911. Sharaɗa ta biyo baya, aka yanka ta kashi uku. Challawa kuwa tana can wajen kogin da ta ci sunansa, kuma baƙo ba ya bukatar a gaya masa ya iso, hancinsa ne zai gaya masa, don a nan manyan gidajen jima su ke.

Wanda ya taɓa aiki gaban inji a wuraren nan ya san fitilar da kan kama in inji ya fara zafi, ya kuma san jan maɓallin nan da a kan danna in hannun wani ya shiga inda bai kamata ba. Ɗaya kashedi ne, ɗaya tsayawa ce ɗungum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kwamfutar da ke cikin ofis ita ma tana da irin nata, har ma nata ya fi na inji tsari.

A ɗaya daga cikin gidajen jima na Challawa akwai wani akawu, dattijo, wanda ya fara aiki da alƙalami da babban littafi, har zamani ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Aikinsa shi ne ya shigar da yawan fatun da kowane lebura ya yi, da kwanakin da ya zo, sa'an nan ƙarshen wata ya fitar da takardar albashi a kai banki. Wata rana da hantsi ya zo kan sunan wani lebura wanda zazzaɓi ya kwantar, bai zo aiki ko rana ɗaya ba. Akawu ya sa sifiri a gurbin kwanaki, ya danna. Nan take manhajar lissafi ta ɓace daga fuskar kwamfuta, kamar an hure fitila. Amma wasiƙar da ya soma rubuta wa manaja tana nan buɗe, agogo yana tafiya, ba abin da ya taɓa su. Ya sake buɗe manhajar, ya sake sa sifiri, ta sake ɓacewa. Da ya ga haka sai ya tsallake sunan, ya rubuta shi a tsohon littafinsa, ya ci gaba.

To, a nan ya kamata mai karatu ya san mazauna cikin akwatin nan. Na farko shi ne furosesa, wani ɗan falle wanda faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba. Shi ne lebura na ainihi. Ya kan ɗauki umarni ɗaya ya aikata, ya ɗauki na gaba ya aikata, sau miliyoyi barkatai kafin mutum ya ƙifta ido. Amma fa duk saurin nan nasa ba shi da shawara ko kaɗan. Na biyu ba abin taɓawa da hannu ba ne, rubutaccen umarni ne, shi ne tsakiyar babbar manhajar da ke riƙe da kwamfuta duka, ko Windows ce ko Linux. Turawa suna ce da shi kanel. Ba Kanar na soja ba fa, ko da ya ke a bakinsu kalmomin biyu iri ɗaya su ke fita. Ma'anarsa ƙwaya, irin wadda a ke samu in an ɓare gyaɗa, don haka ƙwaya za a kira ta a nan. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, ita ce kuma ke hana wannan ta shiga gonar waccan. Furosesan da kamfanin Intel ya tsara yana da matsayi huɗu, daga 0 zuwa 3. Ƙwaya tana zaune a 0, inda ba a hana ta kome, manhajar lissafi da ta wasiƙa da sauransu suna 3, inda sai abin da aka yarje musu.

Sa'ad da aka kunna kwamfuta, cikin ayyukan farko da ƙwaya ta kan yi har da rubuta wani jeri mai gurbi 256, ta nuna wa furosesa inda ta ajiye shi. Gurabe 32 na farko, daga 0 zuwa 31, an keɓe su domin cikas iri iri da furosesa kan ci karo da su, kowane cikas da lambarsa, kowace lamba da ƙofar da za a kai ta. Dattawan da suka ga ofishin En'e, kafin a kawo tsarin ƙananan hukumomi cikin 1976, ba za su sha wuyar gane wannan ba. A can ma kowace magana da ƙofarta, ta kuɗi wajen ma'aji, ta gado wajen alƙali, ta iyakar gona wajen hakimi. Dogari ba ya yanke hukunci, iyakarsa ya kai mutum inda ya dace.

Abin da ya faru ran nan ke nan. Manhajar lissafi ta so ta san fata nawa mutumin ya ke yi a rana, sai ta umarci furosesa ya raba yawan fatu da yawan kwanaki. In an ce a raba goro goma ga mutum biyar, kowa biyu zai samu. In kuwa an ce a raba goro goma ga ba kowa, nawa kowa zai samu? Ba amsa. Furosesa bai ƙaga wata amsa ta ƙarya ba. Ya tsaya, ya rubuta daidai inda ya kai, kamar mai karatu da kan sa tsinke a littafi, ya hau matsayin 0, ya duba gurbi na farko cikin jerin, gama raba abu da sifiri shi ne cikas mai lamba 0, ya miƙa wa ƙwaya maganar. Ƙwaya ta duba ta ga mai laifin a matsayi na 3 ta ke, watau ba daga cikin gida ba ne. Sai ta aika wa manhajar da sanarwa, ko wanda ya rubuta ta ya yi tanadin irin wannan rana. Ashe bai yi ba. Shi ke nan sai ta rufe ta, ta karɓe wurin da ta ba ta, ta bar wasiƙar manaja lafiya lau.

Masu ƙera furosesa sun kasa cikas kashi uku. Akwai tuntuɓe, wanda a kan gyara hanya a ce wa furosesa ya sake taka wurin da ya yi tuntuɓen. Akwai tarko, wanda in an sake shi sai ya wuce ga umarni na gaba. Akwai kuma karaya, wadda ba a tashi daga gare ta a ci gaba da aikin da a ke yi.

Abin mamaki, tuntuɓen da ya fi kowanne yawa ba ɓarna ba ne ko kaɗan. Lambarsa 14, kuma ba a daɗe da kunna kwamfuta ba zai faru sau dubbai, mai ita bai sani ba. Dalili kuwa shi ne, kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai na kusa, mai sauri amma ƙarami, kamar teburin akawu. Akwai na nesa, babba amma mai nawa, kamar siton da a ke jibge fayil. An yayyanka ajiyar nan shafi shafi, ga al'ada kowane shafi yana cin gurbin harafi 4,096. Ƙwaya ba ta kwaso wa manhaja dukan shafukanta ta zube kan tebur, gama tebur ba zai ɗauka ba. Sai ta bar ta ta yi ta aiki kamar kome yana gabanta. Sa'ad da manhaja ta miƙa hannu ga shafin da ba ya nan, furosesa ya kan yi tuntuɓe, ya rubuta adireshin da aka nema, ya kira ƙwaya. Ita kuma ta kan aiki masinja sito ya ɗauko shafin, in tebur ya cika ta mai da wani wanda aka daɗe ba a taɓa ba, kana ta ce wa furosesa ya sake gwadawa. Ya sake, ya tarar da shafi. Manhaja ba ta ma san an tsai da ita ba. Masana na Jami'ar Mancesta a Ingila su ne suka fara wannan dabara a wata babbar kwamfuta mai suna Atlas, wadda ta soma aiki cikin 1962, kuma Intel ya sa ta cikin furosesansa mai lamba 80386 cikin 1985.

Amma ƙofar nan ta 14 ita ce kuma inda a ke kama ɓarawo. In ƙwaya ta duba rajistarta ta ga shafin da aka nema ba na manhajar nan ba ne, na maƙwabciyarta ne, ko ma babu shi sam, to, ba masinja za ta kira ba, rufe manhajar za ta yi. Furosesa iri ɗaya ya ke kawo ƙarar biyu. Rarrabe mai gaskiya da mai ƙeta aikin ƙwaya ne, kuma wannan shi ne ya sa ta cancanci zama a matsayin 0.

Tarko kuwa da gangan a ke ɗana shi. Mai rubuta manhaja, in yana neman inda kuskurensa ya ɓoye, ya kan dasa wani ɗan umarni a tsakiyar aiki, wanda in furosesa ya taka sai ya tsaya da lamba 3, shi kuma ya leƙa ya ga abin da ke ciki kafin ya sake shi. Masu kula da ƙwayar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa cikin 1991, wadda kuma ita ce ke cikin wayoyin Android da ke aljihun leburorin Sharaɗa, suna da wata hikima da ta fi wannan. A wurare masu yawa cikin ƙwayar sun rubuta cewa, abu kaza bai kamata ya taɓa faruwa ba, in kuwa ya faru a bi ta nan. A kan hanyar nan, a furosesa irin na Intel, sai su ajiye wani umarni mai suna UD2, wanda an yi shi ne musamman don furosesa ya ƙi shi. Da ya iso gare shi sai ya kai ƙara da lamba 6, watau umarnin da ba a sani ba. Ƙwaya ta duba jerinta, ta ga ai ramin nan ita da kanta ta haƙa shi. Sai ta rubuta kashedi a littafin rahotonta, da sunan sashen da lambar layin da abin ya auku, ta ɗaga furosesa ta tsallakar da shi, aiki ya ci gaba. Wannan ita ce fitilar kashedi ta kwamfuta. Aibinta ɗaya ne, ba ta kan bango inda kowa zai gani, tana cikin littafin da ba safai a ke buɗewa ba.

A koma ga akawu. Bayan hunturu ya wuce da ƙurarsa, bazara ta kama, ofis ya zama kamar tanda. Ran Alhamis ta ƙarshen wata, wajen azahar, saura kaɗan ya gama takardar albashi, sai fuskar kwamfuta ta rikiɗe ta zama shuɗiya, da ɗan rubutun Turanci, kome ya tsaya cik. Wannan karon ba manhaja ɗaya ce ta tafi ba, har wasiƙa, har agogo. Ta mutu ta sake tashi, ya soma aiki, ba a jima ba ta sake. Kafin la'asar leburori sun taru bakin taga. Wani mai shago yana binsa bashin wata guda, wani an koro 'ya'yansa daga makaranta saboda kuɗi. Heluma, watau shugabansu, ya leƙo ya ce, "Malam Akawu, mutane fa sun gaji da tsayuwa. In injin ya ƙi, ba sai a koma wa alƙalami ba?" Akawu ya ce, "Ai lissafin duk yana cikinta, heluma. Ku dai ƙara haƙuri, an aika a kira mai gyara."

Mai gyara ya zo a kan babur, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Akawu, ransa a ɓace, ya ce masa, "Samari, wannan wace irin na'ura ce, da za ta zaɓi ran albashi ta yi yaji? Da ta daure ta ƙarasa mana, sa'an nan ta mutu in ta ga dama." Saurayi ya yi murmushi ya ce, "Baba, da ta daure, da wataƙila gobe ku ne za ku kwana kuna amsa tambaya."

Maganar yaron nan gaskiya ce, ga kuwa dalili. In manhaja ta yi kuskure, akwai ƙwaya bisanta da za ta hukunta ta. Amma in cikas ya auku a matsayin 0, ko kuwa furosesa da kansa ya ce lissafinsa ya gurɓace, wa ya rage da zai yi hukunci? Tun daga Pentium na 1993 furosesan Intel yana da cikas mai lamba 18, wanda ya kan ɗaga in ya tarar da ɓarna a jikinsa. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ƙwaya ba ta da tabbacin cewa lambar da ke hannunta ita ce aka ba ta. Da za ta ci gaba, tana iya rubuta gurɓataccen lissafi cikin sito bisa mai kyau, albashin wani ya ninka, na wani ya ragu, kuma ba wanda zai sani sai takarda ta dawo daga banki. Ma'ajin kirki, in ya ga littafinsa da akwatinsa sun saɓa, rufe taga ya kan yi ko da mutane na layi, ya sha zagi, har ya gano inda saɓanin ya ke. Haka ƙwaya ta kan yi. Ta tsai da kome, ta rubuta abin da ta iya rubutawa game da dalili, ta kashe kanta. Har ma an yi tanadin abin da ya fi wannan muni. In furosesa yana cikin kai ƙara ya sake yin tuntuɓe a hanya, akwai lamba 8 domin haka. In kuma a hanyar lamba 8 ya sake faɗuwa karo na uku, ba sauran ƙofa, sai ya ajiye aiki, kwamfuta ta tashi daga farko.

Kada mai karatu ya zaci wannan abu sai a Challawa. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike, wanda manhajarsa ta tsaro ke zama a matsayin 0 tare da ƙwayar Windows, ya aika wa masu hulɗa da shi wani gyara mai kuskure. Manhajar ta miƙa hannu ga ajiyar da ba ta da iko da ita. Da a matsayi na 3 ta ke, da an rufe ta ita kaɗai an huta. Tun da ya ke a cikin gida ta ke, sai gida duka ya tsaya. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta kwamfuta wajen miliyan 8.5 abin ya shafa, aka soke tashin jiragen sama dubbai, bankuna da asibitoci suka koma wa takarda da alƙalami, kamar yadda heluma ya ba da shawara.

Saurayi ya kwance akwatin. Fankar da ke sanyaya furosesa ta toshe da ƙurar hunturu da gashin fata, har ta yi kamar tabarmar ƙasa, da ƙyar ta ke juyawa. Ya hure ta, ya goge, ya sa sabon man da a kan shafa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye masa zafi, ya mayar. Da kwamfuta ta tashi, sai ya buɗe littafin rahotonta ya juya wa akawu fuskarta. Ga layi bisa layi, tun makonni da suka wuce, kowanne da ranarsa da sa'arsa, yana cewa an sami kuskure a jikin na'ura amma an gyara. Da fari jefi jefi, daga baya kullum, musamman da tsakar rana. Heluma, wanda ya shigo yana kallo, ya girgiza kai ya ce, "Ashe ta yi ta faɗi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Akawu ya ce, "Heluma, ai sai wanda aka gaya wa a kunne ne za a ce bai ji ba. Wa ya taɓa nuna mini akwai littafin nan?"

Shi ma akawu yana da gaskiyarsa. Kashedi ba ya amfani sai da wanda ya san inda a ke rubuta shi, ya kuma san fassararsa. Ran 20 ga Yuli, 1969, sa'ad da Neil Armstrong da Buzz Aldrin ke sauka kan wata, kwamfutar kumbonsu ta yi ta nuna lamba 1202, kana 1201, alhali kuwa saura mintoci kaɗan su taɓa ƙasa. Ma'anar lambobin ita ce aiki ya yi mata yawa, ta yar da ƙananan ayyuka ta riƙe manya, kamar yadda masu rubuta manhajarta, waɗanda Margaret Hamilton ke cikin shugabanninsu, suka tsara. A can ofishin kula da tafiyar a Amurka akwai wani saurayi mai suna Jack Garman, wanda tun kafin ranar ya rubuta lambobin kashedi duka a takarda da hannunsa, da wanda a ke tsayawa dominsa da wanda a ke wucewa. Ya duba takardarsa ya ce a ci gaba. Aka ci gaba, aka sauka.

Lissafin akawu dai bai salwanta ba. Abin da ya ajiye kafin azahar yana nan daidai, ba harafin da ya canja, sai abin da ya shigar bayan nan ne ya sake bugawa. Amma kafin ya gama banki ya tashi, leburori suka watse suna gunaguni, ba a biya su ba sai ran Juma'a da safe. Kafin saurayi ya hau babur ɗinsa, akawu ya sa shi ya nuna masa hanyar buɗe littafin rahoton sau biyu, ya rubuta ta daki daki a bayan wata tsohuwar ambulan, ya manna jikin bango kusa da kalanda. Ya kuma roƙi manaja a riƙa kiran yaron yana share fanka duk ƙarshen hunturu, aka yarda.

Manhajar lissafi kuwa ba a sami wanda ya rubuta ta ba, an ce ya bar Kano, saboda haka ba a gyara mata maganar sifiri ba. Duk watan da ciwo ya kwantar da wani lebura bai zo ko rana ɗaya ba, akawu ya kan tsallake sunansa a kwamfuta, ya jawo tsohon littafinsa daga aljihun tebur, ya rubuta shi da alƙalami.